Daga Ƙofar Doka Zuwa Ajin Kasuwanci

Shirinmu na yau na 'ya'yan cikin ganuwar Zariya ne, samari da 'yan matan Kwarbai da Juma da Kona da Kaura da Iya, waɗanda suka ƙudurta karanta Akanta ko Harkokin Kasuwanci a Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma jarrabawar shiga ta tunkaro. Iyaye ma a matso kusa da rediyo, don rabin maganar taku ce.

In ka fita ta Ƙofar Doka ka ratsa Tudun Wada, kafin ka gaji ka iso Kongo. A nan aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947. Akawu fa a wancan zamani ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ke riƙe da littafin haraji da na jangali, shi ke rubuta abin da ya shiga baitulmalin En'e da abin da ya fita, in ya kuskure sisi ɗaya sai an kwana ana nema. A 1954 makarantar ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, da aka kafa jami'a a 1962 kuma aka haɗe ta da ita. Ke nan tun kafin a samu mulkin kai Zariya ke koya wa Arewa riƙon littafin kuɗi. Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, yaro ya taso daga Sakkwato ko Yola ya samu gurbi, na Babban Dodo da ke cikin birnin nan kuwa, wanda kuɗin keke-napep kaɗai zai kai shi, jarrabawa ta tsare shi a ƙofa.

To mece ce jarrabawar? A gurguje: hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya ta, kuma tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubutawa. Darussa huɗu ne. Turanci dole ne ga kowa. Mai neman fannin kasuwanci zai ƙara da Lissafi da Tattalin Arziki, sai na huɗu daga danginsu, wanda ya kamata a duba kundin hukumar na shekarar kafin a zaɓa. Jimillar maki 400. Bayan ita akwai tantancewar jami'a da yara ke kira Post-UTME, akwai kuma kiredit biyar na WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi.

Yanzu ku riƙe wannan. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, lokaci kuma awa biyu. In ka raba, daƙiƙa 40 ke faɗa wa kowace tambaya. Daƙiƙa 40. A ciki za ka karanta, ka fahimta, ka yi lissafi, ka zaɓa. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, fiye da mutum miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 ba. Ni dai ban yarda dukansu rashin sani ne ya kayar da su ba. Da yawansu agogo ne.

Mu tsaya a kan Lissafi, don a nan yaranmu suka fi karaya tun kafin a shiga ɗaki. Sai ka ji saurayi na cewa, ni fa ba ni da kan lissafi. Ɗan birnin Zazzau ne ke faɗar haka! Garin da in ka shiga zaurukan Juma da Kona, bayan almajiri ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kai Risala, za ka tarar ana karanta babin gado. Saurari yadda malam ke warware mas'ala. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda. Mata tana da sumuni, ɗaya bisa takwas. Uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Malam zai ce asalin mas'ala daga 24 ne: mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, sauran 17 na ɗan ne. Ina ya samo 24? Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da takwas da shida duk suke raba ta ba saura. Wannan shi ne ainihin abin da ake koyarwa a ajin sakandare in an zo haɗa ɓangarori, kuma yana fitowa a JAMB. A zaure, kan buzu, ana yinsa tun kaka da kakanni, ba allon bango ba kalkuleta.

Ko mu leƙa wajen masu ɗinkin babbar riga, sana'ar da aka san birnin nan da ita. Riga guda mai aska takwas hannu nawa take bi? Mai yadi, mai zane, mai ɗinkin hannu, wadda sau da yawa mace ce a cikin gida, sai mabugi, sai dillali. Kowa da ladansa, kuma yarinyar da ake aika tsakaninsu ta san kuɗin kowa a ka. Ta san adashin mahaifiyarta, ta san ranar kwasa, ta san wanda bai zuba ba.

Amma fa a nan tarkon yake, ku saurara da kyau. A ce riga ta tsaya a kan naira 40,000, aka sayar 50,000. Kowane yaro a birni zai ce riba 10,000 kafin ka rufe baki. Jarrabawa ba za ta tsaya nan ba, za ta ce kashi nawa cikin ɗari? In da uwar kuɗi aka auna, kashi 25 ne. In da kuɗin sayarwa aka auna, kashi 20 ne. Mai shirya tambaya yana sane, zai iya jera maka duka biyun cikin zaɓi, kalma ɗaya ta Turanci ce za ta nuna wanda ake nufi. Ga wata: ɗan kasuwa ya ƙara kashi 20 a kan kayan naira 100, daga baya ya rage kashi 20. Ya koma 100? A'a, 96 ya koma, don ragin daga 120 aka cire shi. Wanda ya zauna a shago ya san wannan a jikinsa. Aikin da ya rage masa shi ne ya gane tambayar in ta zo da Turanci, ya kuma amsa ta cikin daƙiƙa 40.

Shi ya sa nake ganin Turancin ya fi Lissafin bukatar lokaci ga ɗan cikin gari, wanda daga gida har makarantar allo har filin ƙwallo Hausa yake ji. Haddace ma'anar kalmomi ba ta wadatarwa. A samu jarida ko littafi a karanta shafi biyu kullum da murya, a rufe, a faɗa wa wani abin da aka karanta. Akwai kuma littafin labari da hukumar ke sanyawa a karanta, tambayoyi na fitowa daga ciki. Daga 2021 an yi shekaru ana amfani da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ma a wannan jami'a ta Zariya yake gudana. A 2025 aka sauya da The Lekki Headmaster. A tabbatar da na shekarar da za a rubuta, a karanta shi da kai, kada a dogara da taƙaitawar da ke yawo a waya.

Tsarin karatun kuwa ba baƙo ba ne a wurinku. Yadda mai hadda ke tashi da asuba ya yi ƙari, da yamma ya yi tilawar baya, haka za a yi da tsofaffin tambayoyi. Sabon babi da safe, maimaici da dare. Sau ɗaya a mako a ajiye agogo, a zauna awa biyu cur ba tashi, a amsa 180. Tambayar da ta ƙi, a tsallake ta a dawo. Ba a rage maki don an kuskure, saboda haka kada a bar ko ɗaya babu amsa.

Sai kwamfuta. Latsa waya daban, zama gaban kwamfuta daban. Ba a bukatar gwaninta, haruffa kaɗan ne: A, B, C, D na zaɓi, N ta kai ka gaba, P ta mayar da kai baya, S ta miƙa aiki. Amma kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da hannunka ya taɓa su. A je shagon kwamfuta a gwada, a kuma yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa.

Iyaye, ga naku. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. A duba sunan yaro da ranar haihuwarsa, su zo daidai da na takardar sakandare harafi da harafi, don Muhammad a nan Mohammed a can yana iya jawo wahalar watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi. Sannan don Allah, a watannin nan a rage wa yarinya aike da aikin gida, a sassauta wa yaro zaman shago bayan la'asar. Duk mai cewa a ba shi kuɗi zai ƙara maki, a guje shi.

Lokaci na hararar mu, ga kuma yayyenku masu neman digiri na biyu na kasuwanci, wato MBA, ban taɓo su ba. A taƙaice, Jami'ar Ahmadu Bello na bayar da shi har ta karatu daga nesa, mai HND kuma galibi sai ya fara da difloma ta gaba da digiri. Mai hangen Amurka ko Ingila zai iya haɗuwa da jarrabawar GMAT, wadda aka fara a 1954: a sabon tsarinta tambayoyi 64 ne, awa biyu da minti 15, maki daga 205 zuwa 805, kuma kashi uku ne, lissafi da fahimtar Turanci da nazarin alƙaluma. Ita sai mun ware mata shiri na kanta.

A nan za mu dakata. Masu shirin rajista, a je cibiyar da hukumar ta amince da ita kaɗai, a karɓi takardar shaida a hannu. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a karatun.