Yoyon Ruwa A Tsofaffin Motocin Da Aka Sabunta: Asarar Da Rani Ke Ɓoyewa A Nguru Da Gashuwa

A arewacin Jihar Yobe, inda damina ba ta cika wuce watanni uku zuwa huɗu ba, mutum yana iya sayen tsohuwar mota da aka yi wa kwaskwarima a watan Nuwamba, ya yi ta hawa har watan Yuni bai san tana yoyo ba. Sai ranar da aka yi mamakon farko zai tarar da tabarmar ƙasa ta jiƙe sharkaf, kayan da ke cikin but sun sha ruwa, alhali dillali ya daɗe da cinye la'adarsa.

Akasarin motocin da ake magana a kai ƙirar Peugeot ne, wato Fijo, musamman 504 da a-kori-kurarta. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuwa, wanda ya soma aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan ƙaramar cikinsu ta kai shekara ashirin. Duk da haka masu jigilar kifi da hatsi da ƙaro tsakanin Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe, da Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade, ba su rabu da ita ba, domin kowane bakanike ya san cikinta. Injin yakan tashi da gyara. Robobi da bodi su ne ke tona asirin shekaru.

Zafin bazara yana busar da robar gilashi da ta ƙofa har ta tsattsage, sannan ƙurar hunturu ta bi ta toshe magudanan da aka yi domin fitar ruwa. Amma wani kaso na laifin daga garejin kwaskwarima yake fitowa. Ƙofar mota, alal misali, ba a yi ta don ta hana ruwa shiga cikinta ba. Ruwa yana bin gefen gilashi ya sauka, ya fice ta wasu ƙananan huji da ke gindinta. Idan mai gyaran bodi ya liƙe hujin nan da fila, mai fenti ya bi ya shafe, ƙofar ta zama tulu. Haka nan ledar da ke bayan marfin ƙofa na ciki, wadda yaran gareji kan yage su yar don suna ganin ba ta da amfani, ita ce ke hana ruwan fantsamowa wurin fasinja. Mayar da tsohuwar robar gilashin gaba bayan fenti kuwa, rowa ce da mai mota zai biya ninkinta.

Abu na farko shi ne a tantance ko wane ruwa ne. Idan yana da santsi ko launi, kuma na lagireto yana raguwa, to daga injin yake, aikin bakanike ne. Idan ruwan sama ne, sai a kwashe kujeru da tabarmi a bar ƙarfen ƙasa tsirara ya bushe. Mutum ɗaya ya shiga da tocila a rufe ƙofofi, ɗaya ya tsaya waje da tiyo ko buta. Daga ƙasa ake farawa, a zuba a hankali, a dakata 'yan mintoci kafin a matsa sama: gindin ƙofa, sai fitilun baya da bakin but, sai gilashi, rufi a ƙarshe. Wanda ya fara sheƙa bokiti a kan rufi ya jiƙa ko'ina lokaci guda, ba zai gane komai ba. Ruwa kuma yana da yaudara, yakan shiga ta kusurwar gilashin gaba ya bi ƙarfe ya ɗigo a wani wuri dabam, don haka inda aka ga ɗigo ba lallai nan ne ƙofar ɓarawo ba.

A wannan yanki akwai shaidar da ba a saya. Duk inda ƙura ta shiga, ruwa zai shiga. Motar da ta yi tafiya a kan burji, idan aka buɗe but aka ga zaren ƙura ya ratsa ta gefen fitila ko ta ƙarƙashin roba, to an sami wurin tun da rani. Wasu sukan barbaɗa hoda a kan ƙarfe don sawun ruwa ya fito. Wajibi ne kuma a duba magudanar da ke gindin gilashin gaba, inda ganyen darbejiya da yashi ke taruwa har ruwa ya cika ya malalo ƙafar direba, da kuma hujin da masu gyaran waya ke zura waya ta ciki ba tare da sun mayar da toshiyar roba ba. Ruwa a kan akwatin fis yana iya tsayar da mota a tsakiyar daji.

Motocin da ke ratsa fadamar Haɗeja da Nguru, ko waɗanda ambaliyar 2022 ta rutsa da su a Gashuwa, nasu ruwan daga ƙasa yake zuwa. A irinsu tsatsa ce abin tsoro, kuma sau da yawa akan tarar da kwano da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen wuri aka shafe da baƙin fenti. Maganinta a yanke a yi walda. Shafa gam ɗin silikon ba gyara ba ne, domin fenti ba ya kama shi, wani irinsa ma yana ƙara cin ƙarfe.

Ga mai saye, gwajin buta bai fi awa guda ba, kuma ya kamata a yi shi kafin kuɗi su canza hannu, a sa sharaɗinsa a takardar ciniki gaban shaidu. Wanda zai aika a sayo sabuwar roba daga Ƙofar Ruwa a Kano, ya haɗa ɗan aiken da guntun tsohuwar, domin robar but ɗin salun dabam take da ta wagon.