Abin Da Gwamnati Ke Kashewa Wajen Sa Ido Kan Cinikin Harsashi: Darasi Daga Amurka

A duk lokacin da aka zauna taron tsaro a ƙananan hukumomi, akan samu masu ba da shawarar cewa a riƙa rubuta sunan duk wanda ya sayi harsashi a na'urar kwamfuta, tunda bindiga ba ta da amfani sai da harsashi. Shawarar tana da ma'ana, sai dai aiwatar da ita na cin kuɗi da lokaci. Domin jama'a su fahimci nauyin aikin, mun ga ya dace mu yi bayanin yadda aka gwada shi a ƙasar Amurka, musamman a Jihar Kaliforniya.

Tun a 1968 dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa masu shaguna rubuta cinikin harsashi a littafi. A 1986 majalisar ƙasar ta soke wannan sharaɗi, bisa hujjar cewa takardun sun yi yawa kuma ba su taimaka wa masu bincike yadda aka zata ba. Daga nan ne wasu jihohi suka ɗauki nauyin abin da kansu.

A 2009 Gwamna Arnold Schwarzenegger na Kaliforniya ya sa hannu a kan dokar da ta ce duk mai sayen harsashin bindigar hannu sai ya zo da kansa, ya nuna katin shaida, ya kuma dangwala yatsa. Amma a watan Janairun 2011, ana gab da fara aiki da ita, wata kotu a gundumar Fresno ta dakatar da ita. Dalili kuwa shi ne dokar ba ta fayyace wane ne harsashin bindigar hannu ba, alhali akwai harsasai da dama da ake sa wa ƙaramar bindiga da doguwa baki ɗaya.

A 2016 jihar ta sake shiri. Majalisa ta yi sabuwar doka, sannan masu zaɓe suka amince da wani ƙuduri a watan Nuwamba, wanda ya haɗa kowane irin harsashi. Daga farkon 2018 sai mai lasisi kaɗai ke sayarwa. Daga 1 ga Yulin 2019 kuma mai shago ya kan shigar da bayanan mai saye a kwamfuta, ya jira amsar Ma'aikatar Shari'a ta jihar kafin ya miƙa kaya.

To, ina kuɗin ke tafiya? Na farko shi ne gina rumbun bayanai da haɗa shi da shaguna ta intanet. Don wannan aiki an ba ma'aikatar bashin dala miliyan 25 daga asusun jiha, da sharaɗin za a biya daga kuɗin da masu saye ke bayarwa. Na biyu shi ne albashin ma'aikatan da ke tantance sunaye, da masu gyaran na'urori, da masu zagayen duba shaguna. Na uku kuwa shi ne bin sawun waɗanda aka gano an haramta musu riƙe makami, domin gano su ba tare da kai musu ziyara ba aikin banza ne.

An sanya dala 1 a kan mai sayen da sunansa ke cikin rajistar masu bindiga, da dala 19 a kan wanda sai an yi masa cikakken bincike. Wannan dala 1 ba ta riƙe aikin ba, shi ya sa aka mayar da ita dala 5 a 2025. Bugu da ƙari, an hana dubban mutanen da ba su da laifi sayen harsashi saboda kawai adireshinsu ko sunansu bai dace da na rajista ba.

Akwai kuma kuɗin shari'a. A watan Janairun 2024 wani alƙalin tarayya a San Diyego ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, kuma a Yulin 2025 biyu daga cikin alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara suka goyi bayansa, gwamnatin jihar ta nemi a sake zama. Ita ma Jihar Niyok ta yi irin wannan doka a 2013, amma tantance masu saye bai fara ba sai a Satumban 2023, shekara goma ke nan.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS kan ƙananan makamai da albarusai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta ɗora wa ƙasashe mambobi nauyin ajiye rajistar makamai a kwamfuta. A Nijeriya lamarin makamai na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba tare da lasisi ba, ta kuma wajabta wa dillalai masu rajista rubuta cinikinsu. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro.

Ya kamata a lura cewa kwamfuta tana ganin cinikin da aka yi a shago ne kawai. Harsashin da aka yi fasaƙwaurinsa ta kan iyaka, ko aka sato daga ma'ajiya, ba ya shiga kowace rajista. A nan ne idon mai unguwa da dagaci da hakimi ya fi na'ura amfani.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su kula da sahihancin takardun shaidar da suke bayarwa, domin kowace rajista a kansu take tsayawa. Muna kuma kira ga mafarauta da 'yan sintiri da su tabbatar lasisinsu bai ƙare ba, su guji sayen harsashi a hannun wanda ba dillali mai rajista ba. Duk wanda ya ga ana safarar albarusai a yankinsa, ya gaggauta sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa ko mai unguwarsa.