Amsoshin Wasiƙunku: Riyal Nawa Alhaji Zai Kashe A Rana?

Wani mai sauraronmu daga Kashin Zama, cikin ƙaramar hukumar Aliero ta Jihar Kebbi, ya rubuto yana cewa Allah ya nufe shi da biyan kujerar Makka, yana so a gaya masa nawa ya kamata ya riƙa kashewa kullum a can, don kada guzuri ya yanke masa. Mun amsa a rediyo, ga ta kuma a rubuce.

To Malam, mun gode da wasiƙa, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Ba a fara wannan lissafi daga abin da za a kashe a rana. Sai ka san abin da ke jakarka tukuna, ka cire manyan larurori, abin da ya rage shi za ka raba wa kwanaki.

Bari mu ɗauki shekarar 2024, wadda jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi daga Birnin Kebbi. Guzurin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta tsayar wa kowane alhaji dala 500 ne. Tun 1986 riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75. Ke nan dala 500 riyal 1,875 ce, 'yan canji kuma za su ɗan gutsuri nasu. Naka guzurin yana iya bambanta, sai ka sa adadin da aka ba ka.

Abu na farko hadaya. Akasarin alhazanmu Tamattu'i suke yi, don haka yanka ya hau kansu. A 2024 kuɗinta ta hanyar hukuma riyal 720 ne. Ka tambayi hukumar alhazai ta jiha tun kana gida ko an haɗa ta cikin kuɗin kujera. In ba a haɗa ba, ware ta ran da ka sauka. Masu bi masauki-masauki suna cewa za su yanka maka a rabin kuɗi kuwa, ni dai ban ba ka shawarar miƙa musu ko riyal ɗaya ba.

Saura 1,155. A misali, ka ɓoye 200 saboda rashin lafiya ko ɓatan hanya, ka ware 400 na tsaraba. Saura 555. Yanzu kwanaki. Kada ka raba da kwanakin da aka faɗa maka kawai, ƙara mako guda a kai, domin jiran jirgin dawowa shi ne ke cinye aljihun mutane da yawa. In ka raba 555 da kwana 35, abin bai kai riyal 16 a rana ba. E, haka yake, Malam. Kuɗin da ka gani da yawa a filin jirgi, ga inda ya tsaya.

Zai isa kuwa? Zai isa in ana cin abincin da ake kawowa masauki, wanda yake cikin kuɗin kujera. Riyal 15 ɗin na shayi ne da burodi, da katin waya, da sabulu, da aski. Kwanakin kuma ba ɗaya suke ba: a Mina da Arafat ba ka da abin saye sosai, sai rarar ta tafi ga ranar ziyara, da za a biya mota zuwa Uhudu ko Masallacin Ƙuba. Wanda zai tafi da tsoho ya yi wa keken ɗawafi da sa'ayi lissafi daban, don a ranakun cunkoso yana iya cinye kuɗin kwanaki masu yawa.

Inda aka fi zamewa shi ne Madina. An sauka da kuɗi sabo, ga dabino, ga jallabiya, ga agogo, sai mutum ya yi rabin guzuri cikin kwana huɗu, alhali ko harami bai ɗaura ba. Ka bar tsaraba sai an sauko daga Arafat. Ka kuma duba jikin kayan: carbi da darduma da yawa daga Sin ko Turkiyya suke, irinsu na nan a Kantin Kwari, har ma a kasuwar Jega. Ga harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ta ɗora kan kaya tun 2020, ga awon kaya a filin jirgi.

Sai batun riƙon kuɗin. Takardun dala girmansu ɗaya, ta dala ɗaya da ta dala 100, don haka wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ko jami'in alhazai ya nuna masa lambobin tun a sansani. Kada a canza duka rana ɗaya. Ka ƙulla na kowane mako daban, yadda manomin albasa ke ware kuɗin taki da na man injin ban-ruwa, ka fita da na yini kaɗai, ka rubuta abin da ka kashe kafin ka kwanta.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.