Yaye: Lokacinsa da Hanyar da ta Dace

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, idan yaro ya doshi shekara biyu akan ce ya isa yaye. A al'ada akan ɗauke shi a kai shi gidan kakarsa ya yi kwanaki, wani lokaci kuma uwa ta shafa wa nononta abu mai ɗaci, kamar maɗaci, domin ya ƙyamace shi. A wajen masana kiwon lafiya kuwa, yaye aiki ne na watanni, wanda yake farawa tun yaro yana da wata shida.

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba, domin mafi yawan nonon kansa ruwa ne. Daga nan sai a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Wannan ya yi daidai da shekara biyun da aka ambata a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Dalilin haka shi ne, bayan wata shida nono kaɗai ba ya wadatar da yaro, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini. Duk da haka, a shekararsa ta biyu nono yana iya ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku na kuzarin da yake bukata.

Tsakanin wata 6 zuwa 8 ana ciyar da yaro sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4. Cikinsa ƙarami ne, saboda haka tsinkakken koko yakan cika shi da ruwa kawai. Abin da ya fi shi ne kunun gero mai kauri da aka haɗa da garin gyaɗa ko waken suya, sai kuma ƙwai, da dafaffen wake, da ganyen zogale. Duk waɗannan ana samun su a kasuwannin Daura da Mai'adua da Zango. Zuma dai ba a ba yaro ita sai ya shekara ɗaya.

Haɗarin yayen gaggawa sananne ne. A shekarar 1935 likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin ilimin likitanci. A harshen Ga ma'anarta cutar yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Haka yake faruwa a nan idan uwa ta yi kwanika, aka cire yaro dare ɗaya bisa zaton nonon ya lalace, alhali ciki ba ya mayar da nono guba.

Hanyar da ta dace ita ce a riƙa rage shayarwa sannu a hankali cikin makonni, a fara da ta rana, ta dare ta zama ta ƙarshe. Wannan yana kare uwa daga kumburin nono, yana kuma ba yaro damar sabawa da abinci. Kada a yaye shi yana rashin lafiya, kuma gara a kauce wa tsakiyar damina, lokacin da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suke yawaita, rumbuna kuma suka yi ƙasa. Idan bayan yaye yaro ya fara ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, alamar tamowa ce, sai a hanzarta kai shi asibiti.