Galahanga: Jita-jita da Gaskiyar Magana

Idan yaro ya kai shekara biyu bai fara magana ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, kuma ba ya haɗa ido da mutane, sai kowa a gida ya zama likita. Ga maganganun da aka fi ji, da matsayin kowacce.

"Aljanu ne, ko sammu aka yi masa." Ba haka ba ne. Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita.

"Allurar rigakafi ce ta jawo." Ƙarya ce. Zancen ya samo asali ne daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, wanda ya wallafa bincike kan yara 12 kacal a 1998. An gano maguɗi a ciki, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. A 2019, binciken da ya bibiyi yara fiye da 650,000 a Denmak bai sami wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da galahanga ba.

"Namiji ne, zai yi magana." Akwai ƙamshin gaskiya, domin ba kowane jinkirin magana ne galahanga ba, wani yaron matsalar kunne gare shi. Sai dai maza aka fi samu da ita, kusan ninki huɗu na mata. Don haka zamansa namiji ba hujjar zuba ido ba ce.

"Ba a ganewa sai ya girma." Kuskure ne. Alamomi kan bayyana tun wata 18, kamar rashin nuna abu da yatsa ko daina faɗin kalmomin da ya iya. Ƙwararre na iya tantancewa a shekara 2. Ba gwajin jini ake yi ba. Likita na lura da halayyar yaron ne, ya kuma saurari iyaye.

"Ba ta warkewa." Gaskiya ne babu maganin da ke kawar da ita, don haka a guji masu tallan jiƙo da hayaƙi. Amma horon magana da koyar da mu'amala, idan an fara da wuri, suna taimaka wa yara da yawa su shiga makaranta, su iya kula da kansu. Wanda ya ga alamomin nan, ya kai yaron wurin likitan yara, a fara da duba kunnensa.