Bayan shekaru a ci-rani: Yadda dattawan da suka dawo gida ke rayuwa a Damagaram

Da an sallame sallar asuba a unguwar Birni da ke Damagaram, kafin rana ta yi ƙarfi, akan ga dattawa sun baje tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefe, ana jiran mai koko. Hausarsu ce ke tona su. Wani yakan jefa kalmar Yarbanci a tsakiyar zance, wani ya yi lissafin kuɗin cefane da naira ya manta a ƙasar sefa yake, wani kuma in ransa ya ɓaci sai ya juya harshe zuwa Larabcin Sabha.

Waɗannan su ne mutanen da suka bar gida da ƙuruciya da sunan biɗa, suka shafe shekara 30 ko 40 a Kano, Legas, Kumasi, Abijan ko Libiya, sannan suka tattaro ya-nasu-ya-nasu suka dawo don su ƙarasa rayuwa a inda aka binne cibiyarsu. Ana samun su a Birni da Zango da Sabon Gari, ana kuma samun su a garuruwan karkara irin su Zermu da ke yankin Mirya, da Matamai da Kance da Magarya.

A wasu sassan Afirka, da an ce tsofaffin da suka yi ritaya suka sauya ƙasa, Turawa ne ke faɗo wa mutum a rai. Garin Saly da ke bakin teku a Senegal, kimanin kilomita 80 kudu da Dakar, ya yi suna da Faransawa 'yan fansho da suka guje wa sanyin ƙasarsu suka sayi gidaje a can. Fanshonsu na shigowa da yuro, kuma yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai motsa ba tun 1999. Abin da ke hana su barci shi ne inshorar lafiya da tekun da ke cinye gaɓa.

Dattijon Damagaram shi ma ya tsallaka iyaka da tsufansa. Sai dai babu teku a gabansa, kuma mafi yawansu babu wata hukuma da ke turo musu ko dala a ƙarshen wata.

Fanshon da ba ya kan takarda

Galibin masu tafiya biɗa daga wannan yanki ba aikin albashi suka yi ba. Gadi ne, da sayar da shayi, da ga-ruwa, da yankan farce, da tireda, da dakon kaya, da kiwon dabbobin wasu. Asusun CNSS na Nijar yana biyan ma'aikatan da aka yi wa rajista ana cire musu kuɗi ne. Haka tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta kafa a 2004 ta kuma sabunta a 2014. Maigadin da ya kwana a ƙofar wani attajiri a Ikoyi shekara 25 ba ya cikin ko ɗaya, domin yarjejeniyarsa da maigida ta baki ce. Ranar sallama, in an kyauta masa, a ba shi kuɗin mota da turmin atamfa ya kai wa iyali.

Saboda haka kowa da irin fanshon da ya gina wa kansa. Wani fili ya saya a bayan gari ya kewaye. Wani ya tara awaki da shanu a hannun ƙaninsa a Zermu. Wani ya bar shago a Kano a hannun ɗansa, ana aiko masa da rabonsa ta Nita ko Al-Izza, ko ta hannun direban da ke bin hanyar Daura.

Mai dogaro da naira shi ne ya fi jin jiki a shekarun nan. A watan Mayun 2023 dalar Amurka na kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro. Ma'ana, ɗan da ke Kano bai rage abin da yake aikowa ba, amma da kuɗin sun isa teburin ɗan canji a kasuwar Dole sai su koma kamar an gutsure rabinsu. Buhun gero kuma da sefa ake sayar da shi.

Kafin wannan ma an sha wata wahalar. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, dattawa da dama a wannan gefen iyakar suna da tsofaffin kuɗi a adaka da ƙarƙashin katifa, ba su da asusun banki a ko'ina. Wasu sun karyar da su da asara a hannun 'yan canji don gudun kada wa'adi ya cika da su, kafin Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin a watan Maris na 2023.

Wanda ya girme su ba ya mamaki. Ya ga Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari an zabge rabin darajar sefa, naira ce ke taƙama a ranar. Ya ga korar baƙi daga Ghana a 1969 zamanin Busia, da ta Najeriya a 1983 zamanin Shagari. Ya kuma ga 2011, da yaƙin Libiya ya koro 'yan Nijar fiye da 200,000 gida, da yawansu da rigar jikinsu kawai. A cikin waɗanda ake kira 'yan ritaya a Damagaram yau akwai waɗanda ba su zaɓi ranar dawowarsu ba, yaƙi ne ya zaɓar musu.

Iyaka da takardu

Daga Damagaram zuwa Kano bai kai kilomita 250 ba. Yamai kuwa ta kusa 900. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka sai ya taɓa tukunyar waɗannan gidaje.

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe su, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke shigowa daga Najeriya, har zuwa Maris na 2024. Matasa sun san hanyoyin daji, suna hawa babur su zagaya. Mai shekara 70 da ciwon gwiwa da hawan jini ba zai iya wannan kasadar ba. A watannin nan an yi bukukuwan suna da jana'izar da kakanni suka halarta ta wayar salula kawai.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin shaidarsu da 'yancin zirga-zirga har sai an cimma sabuwar matsaya. Ga ƙalilan ɗin da suka yi aikin kamfani a ƙetare kuma suke da fansho na gaske, wannan jumla ta "har sai" ba ƙaramin abu ba ce, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 2013 kan kare haƙƙin ma'aikata masu sauya ƙasa an yi ta ne tsakanin mambobi.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba sa shiga labarai. Asusun bankin Najeriya yana neman BVN da NIN, layin wayar da aka buɗe shi da shi ya daina aiki a ƙetaren iyaka, lambar sirrin da banki ke turowa ba ta isowa. Dattijon da aka haifa a karkara a shekarun 1950 sau tari ba shi da takardar haihuwa, sai wadda kotu ta ba shi daga baya da kintacen shekara. A wata takardar Mamman ne, a wata Mahamane, a wata Muhammadu. Harafi biyu sun isa su tsayar da kuɗin mutum wata shida.

Tarihin tsofaffin sojin Faransa, waɗanda aka ɗiba daga ƙasashe irin su Nijar, ya nuna yadda irin wannan jira kan yi tsawo. Dokar Faransa ta Disambar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan farashin lokacin samun 'yanci, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na takwarorinsu Faransawa ba sai a 2011. Sai a Janairun 2023 aka yarda waɗanda suka rage a Faransa su koma gida ba tare da sun rasa tallafin tsufa ba. Tara daga cikinsu sun sauka a Dakar a watan Afrilun shekarar, dukansu sun haura shekara 80.

Gidan da aka gina ta waya

Babu zancen da ya fi tayar da jijiyar wuya a majalisar dattawan nan kamar na gini.

Tsarin sananne ne. Mutum yana Abijan ko Turabulus yana aiko da kuɗi, ɗan'uwa a gida yana tsaye kan aiki. A waya ana ce masa an kai linta, an yi rufi, saura ƙofofi. Wasu sun dawo sun tarar da gida har da fenti, kuma ba sa gajiya da sa wa ƙannensu albarka. Wasu sun tarar da tubali layi huɗu da tulin yashi. Kuɗin ba lalle ne an ci su da mugunta ba: an yi fari, an yi rashin lafiya, an aurar da 'yan mata, kuma kuɗin Yaya ne kaɗai ke hannu. Wa zai kai ɗan'uwansa ciki ɗaya gaban alƙali a kan haka? Yawanci maganar takan ƙare a zauren mai unguwa, in ta yi tsanani ta kai fadar Sarkin Damagaram, a ba da haƙuri, kowa ya tashi da abin da ke ransa.

A karkara gona ce matsalar. Gonar gado da mutum ya bari yana saurayi an raba ta tsakanin 'yan'uwa da 'ya'yansu, wanda ya shekara 30 yana noma ta kuma yana ganin guminsa ya ba shi iko. A wuri irin Zermu, inda gero da dawa da wake su ne abin dogaro kuma damina wata uku ce zuwa huɗu, kadada ɗaya na iya raba zumunci.

Wanda ya samu gidan ma da sauran aiki. Daminar 2024 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a jihar, har tsohon masallacin Birni da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19 ya faɗi a farkon Satumba. Sannan ga ruwan sha. Garin yana zaune ne a kan dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Yau ana janyo ruwan daga Gogo-Machaya da Aroungouza da Ganaram, amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, famfo kan yi kwanaki shiru a wasu unguwanni. Akwai dattijon da ya tura kurar ruwa a Legas da ƙuruciyarsa, yanzu shi ne ke zaune yana jiran mai ga-ruwa ya yanka masa farashi.

Jiki da jini

Ciwon suga, hawan jini, yanar ido da ciwon mafitsara su ne abokan zama. Babban asibitin ƙasa na Damagaram ne madogara, kuma tun Satumbar 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocinta. Ragin ya taimaka. Amma maganin da ake sha kullum daga aljihu yake fita, kuma wanda ke Zermu sai ya haɗa da kuɗin mota da na ɗan rakiya. Masu hali sukan nufi Kano, inda suka saba da likitoci, yanzu kuma faɗuwar naira ta sa jinya a can ta yi wa mai sefa sauƙi. Abin da ya karya mai karɓar naira shi ne ya ɗaga mai riƙe da sefa, kuma sau da yawa a tabarma ɗaya suke zaune.

Abin da ba su cika faɗa ba shi ne kaɗaici. 'Ya'yan da aka haifa a Fagge ko Agege sun yi karatu da Turancin Ingilishi, takardunsu ba su da kasuwa a ƙasar da ofis ke aiki da Faransanci, don haka suka zauna can. Uwargidan da aka auro a Kumasi takan zo ta yi wata biyu, zafi ya kore ta. Abokan ƙuruciya rabi sun riga mu gidan gaskiya. Mutum ya dawo garinsu, yara a layi suna ce masa Baba ɗan Legas.

Duk da haka da wuya a ji wanda ya ce zai koma. A nan ana gaishe shi da Alhaji ko Malam, ana kiransa ɗaurin aure, ana sa shi a sahun gaba. A can, duk daɗewarsa, sunansa Aboki ko Buzu.

Matasan unguwa da ke shan shayi a fada suna kallon waɗannan dattawa da ido biyu. Suna ganin wanda ya dawo da gida da kujerar Makka, suna kuma ganin wanda ya dawo da jaka ɗaya da tari. Ba su manta da Oktobar 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada a arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance da ke kan hanyar Aljeriya. Tafiyar dai ba ta tsaya ba. Da an gama girbi, tashoshin motar Damagaram kan cika da samari masu jakar goyo, wasu Agadas, wasu Kano. A cikin masu rakiya akan ga dattijo da sanda, yana karanto wa jikansa lambar wayar wani tsohon maigidansa, yana jaddada masa cewa duk takardar da aka ba shi a wurin aiki, ko ta rasit ce, ya sa ta a leda ya adana.