Biritaniya na Karkata: Arewa na Hawa, Kudu na Nitsewa

Tsibirin Biritaniya ba a tsaye yake cik ba. Tsakiyar Sikotland na ɗagawa da kimanin milimita 1 a shekara, kudancin Ingila kuwa na yin ƙasa da kaɗan kaɗan. Ido ba ya ganin wannan, amma injiniyoyin da ke tsare Landan daga ambaliya ba sa fitar da shi daga lissafinsu.

Kafin a kai ga dalilin karkatar, sai an san yadda duwatsun tsibirin suka rabu. Idan aka ja layi daga bakin kogin Tees a arewa maso gabas zuwa bakin kogin Exe a kudu maso yamma, an raba ƙasar gida biyu. Arewa da yamma tsofaffin duwatsu ne masu tauri, waɗanda wuta ko matsi suka gasa. Wasu a tsibirin Lewis sun kai shekara biliyan 3. Fiye da shekara miliyan 400 da suka shuɗe, wani teku da ake kira Iapetus ya raba abin da ya zama Sikotland da abin da ya zama Ingila. Manyan faya-fayan ɓawon duniya suka matso, tekun ya rufe, ƙasashen biyu suka yi karo, tsaunuka suka tashi. Ragowarsu ne ake gani yau, ciki har da Ben Nevis mai tsayin mita 1,345. Kudu da gabas kuwa alli ne da yumɓu da dutsen yashi, waɗanda suka kwanta daga baya, yawancinsu a ƙarƙashin ruwa. Ba su da tauri, shi ya sa ruwa da iska suka baje su.

Sai ƙanƙara ta zo, ba sau ɗaya ba. A babban zuwanta na ƙarshe, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, kaurinta a kan Sikotland ya haura kilomita 1. A tudu aikinta sassaƙa ne: ta faɗaɗa kwaruruka, ta haƙa ramukan da suka zama tafkuna irin Windermere, ta bi tsagar Great Glen ta zurfafa Loch Ness har kusan mita 230. A kwari kuwa zubarwa ta yi. Da yawa daga abin da ta kankaro a sama, ta jibge shi a gabas, laka gauraye da tsakuwa. Wani zuwan da ya riga wannan, shekara kusan 450,000 baya, shi ya ture kogin Tems zuwa kudu, hanyar da Landan ke zaune a kanta yau.

Nauyin wannan ƙanƙara ne ya danne arewa. Kamar katifa ce: inda aka zauna ya lotsa, gefe ya kumbura, idan an tashi sai lotsawar ta cika a hankali, kumburin ya sauka. Ƙanƙarar ta narke tun shekara 11,700 da suka wuce, amma ƙasa ba ta gama komawa ba. A tsibiran Jura da Arran akwai tsofaffin bakin teku, da tsakuwarsu da kogwanninsu, a mitoci da dama sama da inda igiya ke kaiwa yanzu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da mutane suka zaɓa su zauna. Tsaunukan arewa, masu siririyar ƙasa da ruwan sama mai yawa, sun fi dacewa da tumaki da madatsun ruwa da masu yawon buɗe ido. Lakar da ƙanƙara ta bari a gabas ita ce gonar alkama da sha'ir, kuma kudu maso gabas ne ya fi cunkoso, da Landan mai mutum kusan miliyan 9. Wato ɓangaren da ke nitsewa shi ne mai taushi, shi ne mai dukiya. A gaɓar Holderness teku na cin kimanin mita 2 a shekara, kuma ƙauyuka da dama sun riga sun shige ruwa tun zamanin Rumawa. A daren 31 ga Janairun 1953 tekun Arewa ya tumbatsa ya hallaka mutum 307 a Ingila, fiye da 1,800 a Holan. Wannan bala'i ne ya kai ga gina shingen tare ambaliya na kogin Tems, wanda ya fara aiki a 1982. An rufe shi fiye da sau 200, sau 50 daga ciki a hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai.

Amma a ganina kuskure ne a ɗora wa ƙanƙarar da ta shuɗe mafi yawan laifin. Nitsewar kudu kimanin milimita 1 ce kawai a shekara, alhali tekun duniya na hawa da fiye da milimita 3 saboda ɗumamar yanayi. Ko Sikotland da ake ganin ta tsira, hawan teku ya fara zarce hawan ƙasarta a gaɓoɓi da yawa.

Hannun ɗan Adam ya fi fitowa fili a yankin Fens na gabashin Ingila. Fadama ce da aka fara janye ruwanta gadan-gadan a ƙarni na 17 don a yi noma. Da ƙasar mai ruɓaɓɓen ciyayi ta bushe sai ta tsuke, iska kuma ta kwashe wani sashe. A Holme, a tsakiyar ƙarni na 19, an kafa wani turken ƙarfe, kansa daidai da doron ƙasa. Yau ya fito waje da kusan mita 4, wurin kuma ya zama mafi ƙasa a Biritaniya, mita 2.75 ƙasa da matakin teku. Abin da karkatar tsibirin za ta ɗauki dubban shekaru tana yi, injinan janye ruwa sun yi shi a ƙasa da shekara 200, kuma gonakin wajen ba za su nomu ba ranar da aka kashe injinan.